Suwic dinka na mutuwa yana tashi da kansa? Ga yadda zaka gane ko wuta ce ko hari, da yadda zaka toshe

'Yan uwa masu aikin netwok a Kaduna, musamman masu kula da santocin CBT da makarantu da kananan asibitoci da otal-otal, akwai maganar da ya kamata muyi. Duk sanda suwic, wato na'urar da ke hada kwamfutoci a netwok, ya dauke ya dawo da kansa, ko netwok ya tsaya cak kowa na kallon kowa, abu na farko da muke cewa shine wuta ce, ko inbata ce, ko wanda ya juya layi zuwa janareta ne yayi garaje. Sau da yawa kuma haka din ne. Amma ba kullum ba. Akwai lokacin da suwic yana kan UPS lafiyayye, fankarsa na juyawa, ba zafi ba kura, kuma duk da haka ya fadi, sabida wani abu ya aiko masa da fakiti, wato dan kunshin sako na netwok, wanda manhajar cikinsa ta kasa hadiyewa. Irin wannan ake kira DoS, wato harin tsaida aiki, kuma wlh yawancin suwic din da muke sakawa a rak a garin nan a bude suke gareshi, don tokunbo ne, an siyo daga Legas, an jona, yayi aiki, shikenan ba wanda ya sake waiwayar manhajarsa tun ranar.

Sai ka fara gane yadda cikin suwic yake kafin sauran bayanin ya zauna maka. Aiki biyu ake yi a ciki. Akwai guntun da ke wuce da fakiti daga wannan fot, wato inda kebul ke shiga, zuwa wancan, shi wannan karfi gareshi, gigabit nawa zaka dura masa baya gajiya. Sannan akwai CPU, dan karami ne sosai idan ka gwada da na laftof dinka, kuma shine ke amsa duk wani sako da aka aiko wa suwic din shi kansa: telnet, SSH, SNMP, shafin saiti na burauza, CDP, spanning tree, ARP da sauransu. Kaman tashar Kawo ne, motoci na shiga suna fita ba matsala, amma mai rubuta sunayen fasinja mutum daya ne, idan mutum dari suka yanyame shi da tambayoyin banza ko wani ya mika masa takardar da ta rikita shi, lodi ya tsaya duk da motocin lafiyarsu kalau. Toh hari iri biyu ne kenan. Ko a cika CPU da sako har ya kasa numfashi, ko a aiko masa da fakiti daya tak wanda aka kera shi da gangan don ya taba wani kuskure a manhajar, sai suwic ya ribut. Na biyun yafi muni don baya bukatar intanet mai karfi, kuma suwic na gama tashi, minti biyu zuwa biyar ko fiye gwargwadon irinsa, sai a sake aikowa. Ka lissafa wannan a ranar da yara suke zaune gaban kwamfuta suna jarabawar JAMB.

Zan fi bada misali da Cisco don suwic dinsu na Catalyst ne ya cika rak-rak dinmu, amma masu MikroTik ku biyo ni, naku na nan tafe.

Fara da tambayar suwic din me ya kashe shi. Ka shiga ka buga

show version

ka duba abu uku: tun yaushe yake kunne, wace sigar manhaja yake dauke da ita, da layin da ke cewa System returned to ROM by, ko Last reload reason a sababbi. Idan kaga error ko bus error ko wani adireshi mai lambobi, toh ba wuta bace, manhaja ce ta fadi. Amma idan kaga power-on kar ka tashi ka tafi tukuna, don tsofaffin Catalyst 2960 da 3750 sukan rubuta power-on ko da ba wutar ce ta dauke ba. Buga dir flash: ka nemi folda ko fayil mai suna crashinfo, a sababbin Catalyst kuma dir crashinfo: ne. Dauke wuta baya barin wannan fayil, faduwar manhaja ce ke barinsa. Idan ka samu guda uku hudu a jere, akwai magana.

Matsalar da zaka ci karo da ita anan itace lokaci. Yawancin wadannan kananan suwic basu da batirin agogo, duk sanda suka tashi sai su koma 1 ga Maris 1993, kuma abinda show logging ke nunawa a RAM yake zaune, da ya ribut ya goge. Kaga kenan shaidar da kake nema ta tafi tare da faduwar. Don haka tun yau, tun kafin komai ya faru, ka shiga configure terminal ka saita agogo ka kuma tura rahoton waje:

clock timezone WAT 1
ntp server 192.168.10.1
service timestamps log datetime msec localtime
logging host 192.168.10.5

Adireshin ka canza zuwa naka. Wata tsohuwar kwamfuta mai Linux ta isa ta rika karbar rahoton, wato syslog, ba sai an siyo saba ba. Amfanin shine ranar da aka ce maka netwok ya dauke karfe sha daya da kwata, zaka iya zuwa ka ga abinda suwic din ya fada karfe sha daya da minti sha hudu, ka kuma tambayi mai janareta ko ya juya layi a lokacin.

Sannan ka san yadda CPU dinka yake a ranar lafiya. show processes cpu history zai zana maka na minti daya da awa daya da awa 72, show processes cpu sorted kuma zai jera maka wanda yafi ci a sama. A layin farko zakaga lamba biyu da sanda a tsakani, misali 95%/60%, ta biyun idan tayi sama alama ce fakiti ne ke ta dukan CPU daga waje. Wasu 2960 din ko ba komai suna zama a kashi ashirin ko talatin, wannan ba ciwo bane, shiyasa nace ka san naka tun yana lafiya ka rubuta ka ajiye.

Yanzu toshe kofofi, kuma anan ne aikin yake, don da yawa daga cikin ramukan, wato kurakuran tsaro, da aka taba samu a manhajar suwic ta wata hidima ake shiga wadda mai suwic din bai ma san tana kunne ba.

Ta farko Smart Install. Cisco sun yi ta ne don babban kamfani ya jona sabon suwic ya dauko saitinsa da kansa, tana sauraro a kofar TCP ta 4786, bata tambayar fasuwod, kuma a suwic da yawa a kunne take zuwa daga kamfani. A karshen Maris 2018 aka bayyana rami mai lamba CVE-2018-0171, wanda ke bari a sa suwic ya ribut ko ma a gudanar da umarni a cikinsa daga nesa, makin hadarinsa 9.8 cikin 10. A lokacin masu binciken Cisco Talos sun ce sun hango na'urori wajen 168,000 da wannan kofar a bude a intanet. Cikin Afrilu na shekarar aka bi ta Smart Install aka afka wa suwic a kasashe da dama, Iran da Rasha suka fi jin jiki, aka goge saiti aka bar hoton tutar Amurka a allon. Kar kace ai tsohon labari ne, a Agusta 2025 hukumar FBI ta sake fitar da gargadi cewa har yanzu ana shiga tsofaffin na'urori ta wannan ramin na 2018. Su wane ne masu tsofaffin na'urorin? Mu ne. Duba naka:

show vstack config
show tcp brief all

Idan kaga SmartInstall enabled, ko kaga 4786 na sauraro, ka shiga configure terminal ka buga no vstack, ka adana. Bayan ribut na gaba ka sake dubawa don akwai sigogin da umarnin baya zama, akwai kuma tsofaffin da basu san shi ba sam, irin wadannan sai ka toshe 4786 da ACL, wato jerin dokokin wanda aka bari ya shiga, ko a fayawol.

Ta biyu telnet. Na san dalilin da yasa muke sonsa, sauki, PuTTY kawai ka buga adireshi ka shiga. Amma banda cewa fasuwod dinka tsirara yake tafiya a waya, a Maris 2017 Cisco da kansu suka gano CVE-2017-3881 a cikin takardun CIA da WikiLeaks ta saki, rami ne a yadda suwic ke karbar wasu zabuka na telnet, ya shafi samfuri sama da 300, kuma mutum baya bukatar fasuwod kafin ya sa suwic ya fadi. Maganin farko da suka bayar kafin gyara ya fito shine a kashe telnet. Sai ka koma SSH, kuma ka takaita wanda zai iya kwankwasawa:

ip domain-name ofis.local
crypto key generate rsa modulus 2048
ip ssh version 2
username admin privilege 15 secret fasuwod-mai-karfi
access-list 10 permit 192.168.99.0 0.0.0.255
line vty 0 15
login local
transport input ssh
access-class 10 in

Lura da 0 15 din nan, mutane da yawa suna gyara 0 4 su manta da 5 15 a bude. Idan crypto key yaki shiga duba sunan fayil din manhajarka, in babu k9 a ciki toh bata da SSH, sai ka canza ta. Kuma dan Allah kafin ka taba layin vty, wato layukan shiga na telnet da SSH, daga nesa, kana Barnawa suwic yana Kawo, ka fara buga reload in 10. Idan ka kulle kanka a waje suwic zai ribut bayan minti goma ya dawo da tsohon saiti tunda baka adana ba, idan komai yayi daidai sai ka buga reload cancel sannan write memory.

Ta uku SNMP, hidimar da ake sa wa na'ura ido da ita daga nesa, kuma wannan tafi bani tsoro don har gobe ana samun sabon rami a cikinta. An samu jerin ramuka a 2017, sannan a Satumba 2025 aka fitar da CVE-2025-20352 wanda ya shafi manhajojin Cisco na IOS da IOS XE, inda duk wanda ya san kalmar karatu kawai ta SNMP zai iya sa na'urar ta ribut, kuma Cisco sun ce an riga an fara amfani dashi kafin sanarwar. Toh ina wahalar sanin kalmar idan public ce? Buga

show running-config | include snmp-server

Idan kaga public ko private, ko wata kalma da wani kamfani a Turai ya bari tun kafin a saida suwic din, cire ta. In baka da manhajar sa ido irin Zabbix ko PRTG ko LibreNMS, no snmp-server kawai ka huta. In kana da ita, ka koma SNMPv3, ko a kalla doguwar kalma da ACL da ke barin adireshin sabar sa idon ita kadai. ACL baya cire ramin, amma yana rage masu iya isa gareshi daga kowa da kowa zuwa kwamfuta daya.

Shafin burauza kuma, no ip http server da no ip http secure-server. A Oktoba 2023 ta nan aka shiga dubun dubatan na'urori masu IOS XE da CVE-2023-20198. Idan ta SSH kake aiki baka da bukatarsa.

CDP da LLDP, hanyoyin da na'urori ke gabatar da kansu ga makwabtansu, su kuma daga cikin gida ake cutar dasu, sai wanda ya jona kebul a netwok dinka. A Fabrairu 2020 kamfanin Armis ya bayyana ramuka biyar a CDP da suka shafi suwic din Nexus da wayoyin ofis da kyamarorin Cisco. Ko naka baya cikinsu, CDP na fada wa duk wanda ya jona sunan suwic da samfurinsa da sigar manhajarsa, wato ka mika masa abinda zai je ya nema. A fot din da dalibai ko baki ke jonawa ka saka no cdp enable, ka barshi tsakanin suwic da suwic, da inda wayar IP take don tana bukatarsa.

Duk wannan zai fi karfi idan adireshin kula da suwic din baya zaune a VLAN, wato bangaren netwok, daya da jama'a. Ka ware masa VLAN nasa, kar ya zama VLAN 1, kar ka bashi adireshin da ake gani daga intanet, kuma ka leka rautarka ko wani ya taba bude hanya daga waje zuwa suwic don ya rika shiga daga gida. In ana bukatar shiga daga nesa a yi VPN. Ka gwada da kanka daga bangaren dalibai:

nmap -p 22,23,80,443,4786 adireshin-suwic

bai kamata kaga ko daya a bude ba. Wannan gwajin a netwok dinka kadai, ko wanda mai shi ya baka izini a rubuce. Dokar laifukan intanet ta 2015 tana nan, kuma ko ba doka, kashe netwok din asibiti don kaga ko abu na aiki zalunci ne.

Masu MikroTik, musamman CRS masu RouterOS: IP sannan Services, kashe telnet da ftp da www da api duk wanda baka amfani dashi, Winbox da SSH kuma ka cika gurbin Available From da adireshinka. Winbox a kofa ta 8291 yake, ta nan aka rika kwashe fasuwod a 2018 da CVE-2018-14847. Ka takaita Neighbor Discovery da MAC Server zuwa fot din kulawa, ka kashe sabar gwajin bandwit. Afdet dinku ma yafi sauki tunda kyauta ne, System sannan Packages, bayan ya tashi kuma ka shiga RouterBOARD ka daga famwaya shima, nan ne ake yawan mantawa.

Gaskiya kuma, a irin wurarenmu abinda yafi kashe netwok ba wani gwani bane daga waje. Yaro ne ya ga kebul na lilo ya maida bakinsa cikin fot na kusa, ko wani ya kawo dan karamin suwic na kasuwa ya jona kafa biyu, sai a samu madauki, fakiti ya rika zagaye yana ninkuwa har fitilu duka su rika kiftawa tare CPU ya cika. Ko dalibin da ya kalli bidiyo ya sauke manhajar gwajin kutse ta Kali ya kunna abin cika teburin MAC, wato inda suwic ke ajiye adireshin na'urorin da ke jone, teburin 2960 kuwa adireshi wajen 8,000 yake dauka, cikin dakikoki an cika shi. Ko wani ya jona rautar gidansa ta fara raba adireshi. Sakamakon daya ne da harin, aiki ya tsaya. A duk fot din da kwamfutar mutum ke shiga:

switchport mode access
switchport port-security
switchport port-security maximum 2
switchport port-security violation restrict
spanning-tree portfast
spanning-tree bpduguard enable
storm-control broadcast level 2.00
ip dhcp snooping limit rate 15

Kar ka kwafa wannan ka zuba a fot din da ke zuwa wani suwic ko akses foyin, don ta nan adireshi da yawa ke wucewa, zaka yanke mutane da hannunka. Lambar storm-control ma ka fara da ita ka lura kwana biyu, in tana taba aikin gaskiya ka daga. DHCP snooping sai ka kunna shi a sama da ip dhcp snooping da ip dhcp snooping vlan 10, ka saka ip dhcp snooping trust a fot din da ke fuskantar sabar DHCP mai raba adireshi, in ka manta wannan ba wanda zai samu adireshi. Idan ka saka kuma har yanzu shiru gwada no ip dhcp snooping information option, sau da yawa shine. Fot din da ba kowa a kai kuma shutdown.

Toh duk wannan rage hanya ne, ramin kansa sai afdet ke cike shi. Dauki sigar da show version ya baka ka saka a Cisco Software Checker a shafinsu, zai jero maka duk sanarwar da ta shafe ka da sigar farko da aka gyara. Shekaru da dama Cisco kan fitar da tarin sanarwar IOS sau biyu a shekara, galibi Maris da Satumba, sai ka sa a kalandarka. Jerin zai yi tsawo, kar ya firgita ka, ga yadda nake tacewa. Duba layin CVSS, wato ma'aunin hadarin ramin: AV:N na nufin daga ko ina ake iya kaiwa, AV:A sai wanda ke cikin netwok dinka, PR:N ba a bukatar fasuwod, A:H kuma na'urar zata fadi. Ramin DoS daga nesa ba fasuwod yakan zo da maki 8.6, na cikin gida 7.4. Amma kar maki ya rude ka, a santar CBT ko hostel inda baki dari biyu ke jone da kebul dinka, 7.4 din nan yafi kusa da kai akan wani 8.6 da fayawol ya riga ya tare. Sannan karanta inda suka ce na'urar tana cikin hadari ne kawai idan an kunna abu kaza, zasu baka umarnin dubawa, in baka kunna ba ka wuce. Ka kuma duba ko sun ce an riga an fara amfani da ramin, wannan shi ake fara yi.

Wajen samo fayil din sabuwar manhajar ne nake rokonku. Kar ka dauko manhajar suwic daga wani gurup na Telegram ko shafin da baka sani ba ka dura kai tsaye. A 2015 an kama rautocin Cisco dauke da manhajar da aka yi wa kutse aka dasa kofar baya, abinda aka kira SYNful Knock, kuma suna aiki lafiya ba mai ganewa. Ka nema ta wanda ya saida maka ko ta asusunka na Cisco. A cikin sanarwar tsaron su kan rubuta cewa wanda bashi da kwantiragi zai iya tuntubar TAC, sashen tallafin Cisco, da lambar jikin na'urar da adireshin sanarwar don karbar gyaran, tokunbo na iya baka wahala anan amma ka gwada. Ko ta ina fayil ya zo, ka gwada lambar MD5 ko SHA512 dinsa da wadda ke shafin Cisco.

Ranar afdet ka zabi lokacin da ba kowa, daren Asabar ko bayan an tashi, ba ana saura kwana biyu jarabawa ba. Ka tabbata UPS na rike da caji kuma ka gaya wa mai janareta kar ya taba komai sai ka ce, in da hadari a sama da walkiya ka daga zuwa gobe. Kebul din konsol, wanda ke hada laftof da suwic kai tsaye, a hannunka, gudun 9600, kana zaune gaban rak din. Sannan:

copy running-config tftp:
dir flash:
copy tftp: flash:
verify /md5 flash:sunan-fayil.bin
configure terminal
boot system flash:sunan-fayil.bin
end
write memory
reload

Idan filash na da wuri ka bar tsohon fayil din a ciki sai sabon ya tashi lafiya. Idan ba wuri dole ka goge tsohon, toh ka fara kwafe shi zuwa laftof, kuma ka sani daga lokacin da ka goge zuwa lokacin da sabon ya gama shiga in wuta ta dauke suwic zai tashi ba manhaja, sai dai ka tura ta kebul din konsol da xmodem, aikin awanni. Sababbi masu IOS XE irin 9200 da 9300 hanyarsu daban ce, install add file ake yi da activate da commit, ka karanta takardar sigar kafin ka fara. In suwic dinka da yawa fara da guda daya wanda faduwarsa bazata tsaida kowa ba, ya kwana biyu, sannan sauran. Bayan ya tashi ka sake duba show version da show vstack config, don afdet na iya dawo da abinda ka kashe.

Akwai wanda zai duba ya tarar ba sabuwar siga, don kamfanin ya daina kula da samfurin. 2960-S tun 2020 aka rufe babinsa, 2960-X an daina saidawa a 2022 kuma tallafinsa na karshe 2027 ne. Ba ina cewa ka zubar ba, na san yadda dala take. Amma irin wannan ka matsar dashi can gefe, ka kashe duk hidimar da aka lissafa a sama, ka boye adireshinsa a VLAN din kulawa, kar ya zama shine uwar netwok din da kowa ke ratsawa. Kuma ka rubuta wa oga a takarda. Kar ka je masa da CVE, kace ranka ya dade wannan na'urar kamfanin ya daina gyara ta, idan ta fadi ranar jarabawa ko ranar da ake karbar kudin makaranta awa kaza zamu rasa, ga kudin sabuwa, ga abinda nayi na rage hadarin kafin nan. Ya sa hannu ya gani. Ka kuma nemi a ajiye suwic daya na ko-ta-kwana da saitin a ciki.

In kuma abin ya riga ya faru kana tsakiyarsa, suwic na ta faduwa ko ya daskare, SSH bazai shiga ba don CPU a cike yake, konsol zaka jona. Kar ka fara da zare wuta, zaka goge shaidar. Kwafi show logging da show processes cpu sorted tukuna. Sannan zare kebul din da ke zuwa intanet ka gani, in ya lafa daga waje ne, ka koma fayawol ka duba me ke nufar adireshin suwic din. In bai lafa ba daga ciki ne, show interfaces counters zai nuna maka fot din da lambobinsa ke gudu fiye da kowa, sakon MACFLAP a rahoto kuma zai fada maka fot biyun da madaukin yake tsakaninsu, ka rufe daya da shutdown ka bi kebul din da kafarka har inda ya kare. Idan ka tabbatar daga waje ne, ka gwada saitin da ke ciki da bakof dinka layi-layi ko an kara wani asusu ko an canza wani abu, ka canza duk fasuwod da kalmar SNMP, ka kwafe fayilolin crashinfo zuwa laftof kafin filash ya cika, sannan ka sanar da kamfanin da ke baku intanet da kuma ngCERT, cibiyar gwamnatin Najeriya mai kula da hare-haren intanet, ka hada musu da lokacin da abin ya faru da adireshin da ka gani a rahoton.